Amsa ga Maman 'yan biyu kan kai yara Kano da sallah

Salamu alaikum 'yan uwa. Maman 'yan biyu, wallahi tun da na ga tambayarki da asuba na kasa sakewa. Kin ce yaranki duk a nan Legas aka haife su ba su taɓa taka Kano ba, kina so ki kai su da ƙaramar sallah, ina da ina ya kamata su gani, kuma ko ki shiga da su kallon hawa. To ni irin wannan tafiyar na yi da nawa guda uku daga Agege, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta miki ko da zai yi tsawo, ki yi haƙuri da ni.

Maganar hawa, ki fara sa a tambayo miki ko za a yi ma, don shekarun nan an sha dakatar da shi, kar ki cika wa yara kunne da labarin dawaki ku je ku tarar babu. In kuma za a yi, dan Allah dan Annabi kar ki ba kowa riƙon ɗanki. Kowa fa na ce. Mu Hawan Daushe muka je, washegarin sallah da yamma, wanda sarki ke zuwa gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki ya dawo Ƙofar Kudu hakimai su yi masa jafi. Wani saurayi ne maƙwabcin dangin maigida ya zo yana ta rantsuwa wai ya san mutane a fada zai sama mana wuri mai kyau, na ba shi kuɗi ba kaɗan ba, ya kama hannun autana, lokacin shekararsa 6, ni ina riƙe da matan biyu. Muna isa 'yan bindiga suka saki bindiga, ƙasa ta girgiza, mutane suka turo, na waiga babu saurayi babu yaro. 'Yar uwa ban san sanda mayafina ya faɗi ba. Ina kiran sunansa muryata ba ta fita saboda kakaki da algaita da ganguna, dawaki na wucewa da gudu ni kuwa ƙarƙashin ƙafafunsu nake leƙawa, abin da zuciyata ta raya min ke nan, cewa sun taka shi. Kuma abin da ya fi cin raina yaron nan Hausarsa ba ta nuna ba, buroka da Yarabanci ne a bakinsa, ko sunan unguwar da muka sauka bai sani ba, in an tambaye shi ɗan wane ne me zai ce? Matan biyu suna kuka ina kuka, wata mata ta ce in yi ta karanta innalillahi, na yi ta yi. Sai bayan magariba aka same shi wajen babban masallacin Juma'a, wata dattijuwa mai sayar da gyaɗa ta zaunar da shi kusa da ita ta ba shi ruwa, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da aljanna, ko sunanta ban tambaya ba saboda ruɗewa.

Shi kuwa saurayin sai washegari ya ɓullo, ko sannu babu, wai ai yaran Legas ne ba sa jin magana, yaron ne ya fizge. Yaro ɗan shekara 6 ya fizge daga hannun ƙato? Ashe abokansa ya hango ya bi su. Kuma wata gwaggon maigida ta goya masa baya, har tana cewa laifina ne da na bar yara suka zama Yarabawa. Wallahi wannan kalmar ta fi ɓatan yaron daɗewa a raina. Mu da muke nan muna fama da kuɗin haya da cunkoson hanya, muna kai su islamiyya kullum, a ce mana haka. Na yafe dai, amma ban manta ba. Ke ma ki shirya, za a yi wa naki dariyar Hausarsu, ki tsaya musu a gaban kowa kar su ji kunyar bakinsu, in ba haka ba za su tsani gida gaba ɗaya.

In za ku hawan, Abbansu ko kawunsu ya saɓa ƙaramin a wuya, ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa musu a aljihu, ku je da wuri ku tsaya nesa da inda dawaki ke sukuwa.

Amma gaskiya abin da ya gyara mana tafiyar ranakun da gari ya lafa ne. Dutsen Dala ku je da sassafe kafin rana ta yi zafi, akwai matakala, ku hau a hankali da ruwa a hannu. Daga sama za su ga birnin gaba ɗaya, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin masallaci. A nan na ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, babbar ta ce Mama ashe garinmu ya daɗe haka, sai da na yi ƙwalla. Daga nan Gidan Makama, kusa da gidan sarki yake, nan Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau sarauta a 1463, shi ne kuma ya gina Gidan Rumfa da sarakuna ke ciki har yau. Yanzu gidan tarihi ne, akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da sulke da hotunan zuwan Turawa a 1903. Ki bar ma'aikacin wurin ya zagaya da ku, kar ki ɗauki ɗan rakiya daga waje, ni na daina.

Marinar Ƙofar Mata kar ki tsallake ta, tun 1498 ake rini a wurin, da baba da toka da kanwa, a cikin rijiyoyin nan na ƙasa. Nawa sun tsaya suna kallon yadda ake tsoma farin yadi ya fito kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi, autan da ya ƙi magana kwana biyu a nan ya fara dariya. Sai ki riƙe su da kyau don ramuka ne ko'ina. Kasuwar Kurmi ma tun zamanin Rumfa take, lunguna ne matsattsu, jakunkunan fata, takalma, huluna, kayan doki, turare. Ki je da 'yar gari ta yi miki ciniki, da sun ji harshen yaran kuɗi zai tashi, mu ma haka muke gani a kasuwar Balogun ta nan Legas ai.

Ganuwa kam ki shirya zuciyarki, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa kusan shekara 900 da suka wuce, wurare da yawa ta zube an yi gine-gine a kanta, amma ku hau a daidaita sahu ya bi da ku Ƙofar Nassarawa, Ɗan Agundi, Na'isa, har Kabuga, su dinga karanta sunayen. Ni na sa nawa suka haddace, har yanzu suna jerowa in muna hira da daddare.

In kuɗi da lokaci sun isa ku yi sammako zuwa Daura ta hanyar Kazaure su ga rijiyar Kusugu da labarin Bayajidda da macijin, ku dawo a ranar kafin duhu, ban yarda da tafiyar dare da yara ba ko kaɗan. Mu mun sha ruwan rijiyar. Madatsar ruwan Tiga ba mu samu zuwa ba, kuɗi ya ƙare, rabi ya tafi a motar Legas zuwa Kano, kin san yadda suke tsuga kuɗi gab da sallah, ki yanki tikiti da wuri. Ki tafi da maganin zazzaɓi da na ciki, sauyin ruwa ya kwantar min da ta tsakiya kwana biyu, kuma zafin can ba irin na nan ba ne, busasshe ne, leɓe har fashewa yake. Ki saya musu gurasa bandashe mai zafi, ta nan Agege ba ta kama ƙafarta ba.

Tun yanzu ki fara koya musu sunan kakansu da sunan unguwarku, su iya faɗa da Hausa ko cikin barci aka tashe su. In kin tsayar da rana ki min magana ta gefe, ƙanwata tana Gwammaja, ita za ta raka ku Dala da Kurmi da kanta in sha Allahu.