Tambayi Bakanike: An canza masta, kuloci kuma ya koma kamar soso

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni direba ne, tsohuwar Hilux nake ja tsakanin Gusau da ƙauyuka. Sati biyu da suka wuce aka canza min mastan kuloci ta ƙasa saboda tana yoyo, to tun ranar fedar ta yi laushi kamar ina taka soso, da safe giya ba ta shiga sai na yi ta famfa da ƙafa sau biyar ko shida, ribas kuwa sai ta yi ƙara ƙurrr kowa ya waiwayo. Wani ya ce min farantin kuloci ne ya cinye sai an sauke giya. Dan Allah ina mafita? Daga wani mai karatu, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka bari kowa ya sauke maka giya tukuna, wallahi alamun nan da ka lissafo na iska ne. Faranti in ya cinye, mota ce za ka ji tana ta ihu ba ta gudu, musamman a hawa da kaya. Amma feda mai laushi wadda in ka famfa ta sai giya ta shiga, kuma abin ya fara ranar da aka kwance masta, ai iska ce ta maƙale a layin. Shi man birki, wanda da shi kuloci ke aiki, ba ya matsuwa, in ka taka feda mastan sama, wadda ke haɗe da fedar, ta turo shi, haka zai je ya tura ta ƙasa. Iska kuwa matsewa take, sai ta shanye rabin takun naka, kuloci ya ƙi sakin injin gaba ɗaya. Ribas ce ke fara kuka don a yawancin motoci ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora irin na sauran giyoyi.

Aikin fitar da iskar na mutum biyu ne. Ka nemi sifana lamba 8 ko 10 ya danganta da motar, da siririn tiyo wanda ake ganin cikinsa, da kwalba mai tsabta, da sabon man birki wanda ba a taɓa buɗewa ba. Duba kan murfin kofin man, a rubuce yake, DOT 3 ko DOT 4, shi za ka saya. DOT 5 kar ka kusance shi, na silikon ne ba ya haɗuwa da waɗancan. Mota a kashe, a ja birkin hannu, in za ka shiga ƙasa kar ka yarda da jak shi kaɗai, a tokare ta sosai.

Cika kofi. Je wajen mastan ƙasa a jikin giya za ka ga ɗan nono da ake kwancewa, goge masa ƙura, sa tiyo a bakinsa, ɗayan ƙarshen ya nutse cikin ɗan mai a kwalba. Yaronka na ciki ya taka feda a hankali sau uku zuwa huɗu, a hankali fa, ba irin takun nan na haushi da ke farfasa iska ta koma ƙananan kumfa ba. Ka ce "riƙe!" ya danne ta ƙasa. Kai kuma ka sassauta nonon kaɗan, kamar kwata na zagaye, mai zai fito da kumfa fut fut, ka ɗaure, SANNAN ka ce "saki!". Nan ne mutane ke ɓata aikin, in ya ɗaga ƙafa kafin ka ɗaure to mastan ta sake zuƙo iskar da ka fitar, kun koma gidan jiya. Kuma kar ya tsorata in fedar ta kwanta a ƙasa ta ƙi tasowa, kuloci haka yake yi in ana wannan aiki, ya sa hannu ya ɗago ta kawai.

Sai kofi. Na kuloci ɗan ƙarami ne, zagaye uku ko huɗu ya kusa ƙarewa, in ka shagala ya bushe sai iska ta shigo ta sama ka faro daga farko. A riƙa leƙawa ana ƙarawa. A wasu motocin kofi ɗaya ne da birki, kuma bakin da ke ba kuloci mai yana sama da na birki, shi ya sa za ka ga akwai sauran mai amma kuloci ya riga ya sha iska. Ku ci gaba har man da ke bin tiyo ya fito garau babu kumfa ko ɗaya. Wanda ya fito cikin kwalba a zubar, kar a mayar. In ya ɗiga a jikin mota a wanke da ruwa nan take don yana cin fenti.

Abin da ya fi damuna shi ne a fitar da iska yau, bayan kwana uku ta dawo, a sake, a sake. Iska ba ta shiga haka kawai, akwai ƙofarta. Tunda ta ƙasa sabuwa ce, ni mastan sama nake zargi, sau da yawa tare suke tsufa. Sa hannu a saman feda can ƙarƙashin sitiyari, in ka ji danshin mai ko ka ga kafet ya jiƙe, robobinta sun gama. Wani gwajin kuma, a fili inda ba kowa, tada mota ka sa giya ɗaya ka riƙe kuloci a ƙasa, in bayan ɗan lokaci ta fara jan jiki da kanta, mai na zillewa ta cikin mastan ko da ba ka ga ɗigo a waje ba.

Roƙo ɗaya. Na taɓa ganin direba a hanya, mai ya ƙare masa ya ɗura man inji a kofin don ya kai gida. Da muka kwance, robobin sun kumbura sun yi lagwaɓ kamar an jiƙa burodi, masta biyu da tiyo duk sai da aka canza. Ka ajiye ƙaramar robar man birki a mota, a rufe gam don yana shan danshin iska, kuma duk shekara 2 a juye tsohon man da ke cikin mastocin gaba ɗaya. In ka gwada ka sake rubuto min yadda fedar ta koma.