Otal ɗin cikin Disney da tikitin tsallake layi: wanne ne ya ci kuɗinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a jihar Maryland ta Amurka, muna shirin kai yara hutun mako ɗaya birnin Orlando na jihar Florida, inda wuraren wasanni na Disney da Universal suke, a watan Agusta. Mu shida ne: ni da uwargida da yara huɗu masu shekara 14, 11, 7 da 2. Na ga otal-otal ɗin cikin Disney da na Universal sun ninka na waje tsada, ga kuma wasu ƙarin kuɗi na tsallake layi da tsarin abinci. Shin waɗannan abubuwa sun cancanci kuɗinsu, ko mu kama gida a waje mu yi hayar mota?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya raya zuri'a. A wuraren nan abin da ke ƙarewa kafin kuɗi shi ne lokaci da ƙarfin ƙafar yara, don haka duk ƙarin da aka tallata maka ka auna shi da awa nawa zai rage muku na tsayuwa a layi ko zama a mota. Idan aka yi wannan awon, kwana ɗaya a babban otal na Universal ya ci kuɗinsa, tikitin tsallake layi na Disney ya ci kuɗinsa a biyu daga cikin filayen wasanninta huɗu, manyan otal-otal ɗin Disney kuwa ba su dace da iyali irin naka ba sai idan aljihu ba ya jin nauyinsu.

Mu fara da yawanku, domin shi ne zai fara rage maka zaɓi. Autanku mai shekara 2 ba ya biyan tikitin shiga, kuma a otal ɗin Disney ba a lissafa yaron da bai kai shekara 3 ba cikin adadin mutanen ɗaki. Saura ku biyar. Ɗakunan rukunin mafi araha, irin su Pop Century da All-Star Sports, mutum huɗu suke ɗauka, don haka farashin da ka gani a talla ba naka ba ne. Kai sai dai ɗakin iyali mai cin mutum shida a Art of Animation ko All-Star Music, ko ɗaki mai ƙaramin gado na biyar a Caribbean Beach ko Port Orleans Riverside. Mai shekara 11 kuma kuɗin babba zai biya, domin daga shekara 10 ake daina farashin yara. A kan kuɗin ɗaki akwai harajin kashi 12.5 cikin ɗari a mafi yawan otal-otal ɗin.

Me kwana a cikin Disney yake ba ka? A da yana ba da fiye da yanzu. Motar da ke ɗauko baƙi kyauta daga filin jirgi ta daina aiki a farkon 2022, tsallake layi na kyauta kuma ya koma na kuɗi tun 2021. Abin da ya rage guda huɗu ne: shiga kowane fili minti 30 kafin sauran jama'a, sufuri kyauta tsakanin otal da filaye, fakin kyauta, da damar zaɓen lokutan tsallake layi kwana 7 kafin isowa, alhali na waje sai saura kwana 3. Abin lura shi ne waɗannan huɗun duka mai ɗaki mafi araha yana samunsu daidai da mai kwana a Grand Floridian, ɗaya daga cikin otal-otal ɗinsu mafi tsada. Abin da manyan otal suka ɗara da shi shi ne kusanci, sai kuma wasu darare da ake barinsu cikin fili bayan an rufe wa kowa. Mai goyon ɗan shekara 2 da ya wuni a rana ba zai mori wannan daren ba.

Kusancin dai ba abin rainawa ba ne, musamman a Agusta. Zafi yakan wuce maki 32 a ma'aunin Celsius, ga gumi, kuma kusan kowace rana hadari yakan haɗu bayan azahar a yi tsawa da ruwa. Tsarin da ke aiki shi ne a shiga da sassafe, a koma ɗaki wajen ƙarfe 1 a yi sallah, yara su yi barci, a dawo da la'asar sakaliya. Wanda ke babban otal na Contemporary da ƙafa zai taka zuwa filin Magic Kingdom cikin kamar minti 10. Wanda ya zo da mota daga waje kuwa ba a ƙofar Magic Kingdom zai ajiye ta ba, akwai tafki a tsakani, sai ya hau jirgin ruwa ko jirgin ƙasa mai dogo ɗaya kafin ya isa, sannan ya biya fakin dala 30 ko sama da haka kowace rana. Fita da dawowa da rana zai iya cinye masa awa biyu, shi ya sa na waje ba sa komawa hutawa, sai su daure har yara su fara kuka da yamma.

Amma ba sai ka biya kuɗin Contemporary za ka samu sauƙi ba. Tun 2019 akwai Skyliner, wasu ƙananan akwatuna masu tafiya a kan igiya a sama, da suka haɗa Art of Animation da Pop Century da Caribbean Beach da filayen EPCOT da Hollywood Studios. Layinsu yana tafiya ba tsayawa, kuma keken yaro mai kujera ɗaya ana tura shi ciki ba sai an naɗe ba, saɓanin bas inda dole a ta da yaro daga barci a naɗe keken. Aibinsu ɗaya, ana tsayar da su idan ana walƙiya, sai a koma bas. Idan za ka kwana a cikin Disney, a nan zan ce ka tsaya.

Gidan haya a Kissimmee, garin da ke kusa da Disney, yana da nasa ƙarfin: ɗakuna uku ko huɗu, injin wanki, da kicin. Akwai shagunan naman halal a Orlando, Disney kuma tana barin a shiga da abinci daga waje matuƙar ba a cikin kwalba yake ba, ruwan sanyi a kofi kuma kyauta ne a wuraren sayar da abinci na tafi-da-gidanka. Kafin ka ce ya fi araha dai, ka tara hayar mota mai kujera bakwai, inshorarta, kujerar yaro, fakin na kullum, da kuɗin shara da masu gidajen kan ƙara a ƙarshe. Otal-otal na waje da yawa kuma suna da wani kuɗin dole na kowane dare da ba ya fitowa a farashin farko.

Yanzu batun tsallake layi a Disney, wanda ake kira Lightning Lane. Multi Pass shi ne na gama-gari: kana zaɓen lilo uku da lokutansu tun kafin ranar, da zarar ka yi amfani da ɗaya sai ka ƙara wani a manhajar waya. Farashinsa yana canzawa da rana da fili, kuma na kowane mutum ne, wato sau biyar a wurinka. Ka saye shi ranar Magic Kingdom da ranar Hollywood Studios, inda lilo masu dogon layi suke da yawa. A Animal Kingdom da EPCOT zuwa da wuri yakan wadatar. Lilon da suka fi farin jini, irin su Flight of Passage da Rise of the Resistance, ba sa cikin Multi Pass, daban ake sayensu da Single Pass. Ana buɗe zaɓe ƙarfe 7 na safe agogon Florida, wanda ya makara sai ya tarar lokutan safe sun ƙare, saura na dare. Akwai kuma Premier Pass da ya fito a Oktoban 2024 a kan dala 129 zuwa 449 ga mutum ɗaya a rana ɗaya. Ku biyar a rana mai tsada kun haura dala 2,000 ban da tikitin shiga, ka bar shi kawai.

Kafin ka saya wa mai shekara 7 komai, ka auna tsawonsa da takalmi a ƙafa. Space Mountain da Flight of Passage suna neman santimita 112, TRON 122, a Universal kuma VelociCoaster 130. Ma'aikatan ƙofa ba sa ɗaga ƙafa ko da santimita ɗaya ya rage. Saboda auta kuma ku nemi tsarin musayar iyaye a bakin lilo: ɗaya ya hau da manyan yara, ɗaya ya jira da ƙarami, sannan mai jiran ya hau ba tare da ya sake bin dogon layi ba.

A Universal ne lissafin ya juya. Otal uku, Hard Rock Hotel da Portofino Bay da Royal Pacific, suna ba duk wanda sunansa ke cikin ɗaki Express mara iyaka, wato tikitin tsallake layi na Universal, a filayen Universal Studios Florida da Islands of Adventure, tun daga ranar shiga otal har ƙarshen ranar fita. Kwana ɗaya ke nan yana ba ku wuni biyu. A ce ana sayar da Express daban a kan dala 120 a ranakun da za ku je: mutum biyar sau wuni biyu dala 1,200 ne, ya fi kuɗin ɗakin a darare da yawa. Yadda ake yi, ku isa otal ɗin tun ƙarfe 7 na safe, ku yi rajista ko ɗaki bai shirya ba, ku karɓi katunanku, ku bar kaya a wurin ajiya, ku wuce fili. Inda mutane ke ƙonewa shi ne su kama Sapphire Falls ko Helios Grand suna zaton duk ɗaya ne, alhali waɗannan ba sa ba da Express. Na otal ukun ma ba ya aiki a sabon filin Epic Universe da aka buɗe ranar 22 ga Mayun 2025. Fakin a otal-otal ɗin Universal na kuɗi ne, gado na biyar ma ana biya.

Tsarin abinci na Disney kada ka saya. An gina farashinsa a kan mai cin nama mafi tsada a kowane zama, da giya ga manya, ku kuwa kifi da ganye za ku fi ci. Dole kowa a ɗakin ya shiga tsarin, mai shekara 11 a kuɗin babba, tukwicin ma'aikata na kashi 18 zuwa 20 kuma yana nan a kanka. Haka ɗaki mai kallon fili, da Park Hopper na shiga fili biyu a rana ɗaya: da ɗan shekara 2 fili ɗaya ma ya ishe ku.

Ga yadda zan raba makon: kwana biyar a ɗakin iyali na Art of Animation ko gidan Kissimmee, gwargwadon abin da lissafinka ya nuna, wuni huɗu a filaye da wuni ɗaya na hutu a tsakiya, sai kwana ɗaya a Royal Pacific don wuni biyu na Universal. Idan makarantar yara ta ba da dama, ku sa tafiyar bayan tsakiyar Agusta, domin makarantun Florida suna komawa wajen 10 ga wata, cunkoso da farashin ɗaki sukan sauka. Lokacin guguwar teku ne kuma, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, don haka ka karanta sharuɗɗan soke ɗaki da tikitin jirgi kafin ka biya.