Shin abin shaƙa na asma yana taɓa zuciyar yaro?

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 6 yana da asma. Duk lokacin da na ba shi Ventolin na shaƙa, sai in ji zuciyarsa tana bugawa da sauri, hannunsa kuma yana rawa. Kakarsa ta ce in daina kafin ya lalata masa zuciya. Mece ce gaskiya?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika lura da shi gaskiya ne, amma don Allah kada ki daina ba shi.

Sinadarin da ke cikin Ventolin sunansa salbutamol. Aikinsa sassauta tsokar hanyoyin iska na huhu, cikin 'yan mintuna numfashi ya buɗe, kuma yana aiki awa 4 zuwa 6. To irin wuraren da maganin yake kamawa a huhu, akwai su kaɗan a zuciya da jijiyoyin jini da tsokar hannu. Abin da ya shiga jini ya isa can shi ne ke ƙara saurin bugun da kawo rawar hannu. A yaro mai lafiyayyar zuciya, wannan yana lafawa da kansa idan ƙarfin maganin ya ragu, ba ya barin rauni. Kuma fa shi kansa tashin asma yana sa zuciya gudu, saboda ƙarancin iska da tsoro, wani lokaci da zazzaɓi. Sau da yawa idan numfashi ya daidaita, bugun ma sai ya sauka.

Inda muke sa ido sosai shi ne idan ana ta maimaita maganin da yawa, musamman ta na'urar nebulaiza, mai mayar da magani kamar tururi a shaƙa, a asibiti, domin yana iya rage sinadarin fotashiyam a jini, hakan kuma na iya rikita tsarin bugun. Haka yaron da aka san yana da ciwon zuciya, ko mai shan maganin fitsari irin Lasix.

Abin da ya fi damu na shi ne salbutamol na ruwa da na ƙwaya da ake saya a kemis don sha, da kuma wani maganin asma mai suna aminofilin. Su suka fi tayar da zuciya, domin ta jini suke bi su zagaye jiki duka. Na shaƙa ya fi su aminci nesa ba kusa ba, musamman idan aka haɗa shi da kwalbar shaƙa, wadda ake kira sifesa. Wani bincike a Afirka ta Kudu a 1999 ya nuna robar ruwa ta milimita 500 ma tana yin wannan aikin idan aka gyara ta daidai. Ma'aikacin lafiya zai nuna miki.

Ki garzaya asibiti idan ya suma, ko ya yi kukan ciwon ƙirji, ko kika ji bugun yana tsallake, ko leɓensa ya sauya launi. Idan kuma yana buƙatar Ventolin fiye da sau 2 a mako, kamar yadda ake yawan gani da hunturu, ki nemi a rubuta masa maganin shaƙa na kariya irin beclometasone. Shi ba ya ƙara bugun zuciya, kuma zai rage yawan shaƙar da ke tayar miki da hankali.