Tambayoyin Masu Karatu: Kwamfuta Za Ta Iya Warware Mana Cunkoso?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban A Daidaita Sahu ne, ina ɗaukar fasinja daga Kurna zuwa Sabon Gari a Kano. Wani fasinja ya ce mini yanzu da kwamfuta ake tsara tituna, wai sunan abin GIS. Mene ne shi, kuma zai rage mana cunkoso?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fasinjanka bai yi ƙarya ba. GIS tsari ne na ɗora bayanai hawa-hawa a kan taswirar kwamfuta: tituna a ƙasa, sai kasuwanni da makarantu da tashoshi, sai wuraren da aka fi yin hatsari, sai yawan ababen hawan da ke wucewa kowace awa. Da an jera su, mai tsara gari zai ga inda ake buƙatar tasha ko gada. Roger Tomlinson ne ya assasa shi a Kanada cikin shekarun 1960, don ƙididdigar filaye. Mu ma a nan, KANGIS da KADGIS, wato hukumomin GIS na jihohin Kano da Kaduna, an fi sanin su da harkar filaye da takardun mallaka.

Sai dai fa kwamfuta ba ta taɓa tsayawa a titin Katsina da yamma ba. Abin da aka zuba mata shi take nunawa. Shi ya sa wani aiki da aka yi a Nairobi, babban birnin Kenya, yake burge ni. Motocin hayarsu, matatu, sun shekara da shekaru suna jigila ba tare da cikakkiyar taswira ba. A 2013 ɗaliban Jami'ar Nairobi, tare da masana daga jami'o'in MIT da Columbia na Amurka, suka riƙa shiga motocin da waya a hannu, GPS ɗin wayar, mai gano inda mutum yake, na bin hanya, su kuma suna rubuta inda ake ɗauka da inda ake saukewa. A 2014 taswirar ta fito da hanyoyi sama da 100.

To, rage cunkoso kam yana yiwuwa, amma sai an zo an tambaye ku. Kai ka san kwanar da ke toshewa idan an tashi daga kasuwa, da inda ruwa ke kwantawa da damina. Ka kai maganar ga shugabannin ƙungiyarku: wayoyinku za su iya naɗar hanyoyin, kuma manhajar QGIS da ake haɗa hanyoyin su zama taswira da ita kyauta ce.