Kafin Ka Biya Mai Fenti: Amsoshin Wannan Makon

Tambaya: Malam, ina da shagon kujeru da gadaje a Zariya. Mai fenti ya kawo mini samfurin allo, ya rubuta "Quality Furnitures". Ɗana ya ce kuskure ne, mai fentin ya ce haka kowa ke rubutawa. In biya shi?

Amsa: Alhaji, kada ka ba shi ko sisi sai ya goge wannan s ɗin. Yaron ne da gaskiya. Furniture na cikin sunayen da Turanci ba ya ƙirgawa: kujera ɗaya ko tirela guda, furniture ne. In ƙirgen kake so, ka ce two pieces of furniture, kamar yadda ba ka cewa a ba ka shinkafa uku, sai dai kwano uku ko buhu uku. Haka equipment da luggage suke.

Tambaya: Malam, 'yata za ta zana WAEC bana. Kullum jan biro take sha a kan "advices" da "informations", har ta fara kuka. Na kwashi adashe, wane littafi zan saya mata?

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. Da Hausa take tunani. Mu muna da shawara da shawarwari, labari da labarai, kaya da kayayyaki, sai ta ɗauka can ma haka ne. To advice da information ba su da jam'i, ba a sa musu a ko an, kuma much suke tafiya da shi, ba many ba. News kuwa ga s a wutsiya, amma the news is good ake cewa. Wasu ma baki biyu gare su: paper takarda ce, a paper jarida.

Ƙamus na masu koyo za ki saya, irin Oxford Advanced Learner's, wanda A. S. Hornby ya fitar tun 1948 ake ta sabunta shi. A gaban suna za ta ga harafin U in ba a ƙirga shi, C in ana ƙirgawa. Wannan ɗan harafin ne kuɗinki.

Sai dai a nan nake jin tsoro, don jabun ƙamus ya cika gari. Ni kaina na taɓa faɗawa. A bakin wata tasha na saya, ina murnar araha, sai da na isa gida na tarar daga tsakiyar M an yi tsalle zuwa P. Money babu, news babu! Na jabu takardarsa shara-shara ce, rubutun bayan shafi yana leƙowa, gam ɗin kuma wata biyu ba ya kai wa shafuka su fara zuba. Mafi muni, tawadar tana cushewa a ƙananan haruffa, har ki kasa bambance U da C. Kin ga an sayar miki da rijiya ba guga.

Saboda haka kada ki karɓa a naɗe cikin leda ki tafi. A buɗe shi a gabanki, ita yarinyar ta nemo advice da kanta, ta karanta alamar. Ku ɗaga shafi ɗaya ga haske. In kuɗin sabo ya fi ƙarfinki, na hannu mai asali ya fi jabu sabo fil. Ƙananan littattafan nan masu alkawarin Turanci cikin kwana bakwai kuwa, ko kyauta aka ba ki, ki duba kafin ki miƙa mata, don na ga wanda "informations" ke zaune daram a shafinsa na farko. Allah Ya ba ta sa'a.

Tambaya: Na sayi littafin nahawu ya ce money ba a ƙirgawa. Ni mai POS ne, ƙirga kuɗi ne sana'ata. In mayar wa mai shago?

Amsa: Ƙanena, bar mai shago ya sarara. Naira kake ƙirgawa. Ka taɓa jin kwastoma ya ce maka how many money? Koma ka ƙarasa karanta shafin.