Ruwan bagaruwa ya rage bayofim a gwajina, in fara haɗa magani in sayar?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu kan bayofim (tarin ƙwayoyin cuta da ke manne wuri guda cikin yauƙi) na ƙwayar cutar Pseudomonas aeruginosa da muka samo daga gyambon masu ciwon suga. Ruwan bagaruwa ya rage launin crystal violet sosai a gwajina. Abokai na cewa in zuba a kwalba in fara sayarwa kafin wani ya riga ni, shi kuwa malamina ya nace sai na koyi nazari da kwamfuta. Hankalina ya tashi, kada dama ta wuce ni.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki, ki bi malaminki. Tukuna ba ki da magani a hannu.

Kuskuren ɗaukar raguwar launi a matsayin kisan ƙwayar cuta ya zama ruwan dare, kuma yana cutar da mutane. Crystal violet rini ne kawai. Yana kama ƙwayar cuta mai rai, ya kama matacciya, ya kama yauƙin da suka gina suka lulluɓe kansu. Launi ya ragu, eh, amma wa ya ce sun mutu? Ƙila ma wanki kika tsananta, bayofim ɗin ya ɓalle ya bi ruwa. Ga bagaruwa da sinadarin jima mai daskarar da furotin, ga launinta, duka suna rikita awon. A farantin gwajin, kin ware ramuka masu ruwan bagaruwa zalla, babu ƙwayar cuta? Ramukan gefen faranti kuma suna saurin ƙafewa: ki cika su da tsarkakakken ruwa, ki yi aiki da ramuka 60 na tsakiya cikin 96 da ke farantin.

In kisa kike son nunawa, ki bar bayofim ya yi awa 24, ki ɗauraye, ki zuba maganin, ki kashe ƙarfinsa, ki kankare, ki tsinka daki-daki, ki shuka a kan agar (abincin da ake rainon ƙwayar cuta a kai), ki ƙirga waɗanda suka tsiro. Raguwar log 3, wato ƙwaya ɗaya ce ta saura cikin kowace 1,000, ita ce kashi 99.9 cikin 100. Ki maimaita a ranaku uku daban, kowace da sabon shuki. Ramuka uku a faranti ɗaya gwaji ɗaya ne. Ƙwayoyin da ke cikin bayofim kan jure magani ninki 10 har zuwa 1,000 fiye da masu yawo a ruwa. To wanda ya ga da'irar da ƙwayar cuta ta kasa tsirowa a kan agar ya ruga kasuwa da lasifika yana tallan maganin gyambo, mai ciwon suga zai saya ya daina zuwa asibiti, ƙarshenta a yanke masa ƙafa. Hakkin wa ke nan?

Batun kwamfuta, ki fara da R, manhajar nazarin alƙaluma. Ki adana ɗanyen sakamako a fayil ɗin CSV (jadawali na rubutu zalla), kowane rami layi guda: kwanan wata, faranti, rami, magani, awo. Kada ki gyara shi da hannu. Nazarin hotuna kuma manhajar Fiji, in kin samu hotunan madubin confocal (mai ɗaukar hoto hawa-hawa) sai manhajar BiofilmQ. Darussan The Carpentries, ƙungiyar koyar da masu bincike nazari da kwamfuta, kyauta ne a intanet.

Kasuwanci ba daga kwalba yake farawa ba. Ki tambayi masu wanke gyambo, masu kiwon kaji da bututun ruwansu ke yauƙi, da masu fiya wata, me suke kashewa kuɗi yanzu. Wanke bututu ya fi kusa da ke fiye da jikin mutum. In kin ga sabon abu ne, ki nemi rajistar mallaka ta ofishin jami'arku ko NOTAP, hukumar gwamnati mai taimaka wa masu ƙirƙira yin rajista, kafin ki wallafa, don wallafawa kan ɓata sabuntar. Abin da za a shafa wa rauni kuwa, sai da gwajin guba da lambar NAFDAC.