Musayar tsohuwar azurfa da sabuwa tare da ciko

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ba ɗan gidan maƙera ba ne, a waya na koyi ƙirar fari. Da tagulla na fara gwadawa har hannuna ya faɗa, yanzu ina ƙera zobba da 'yan kunne da sarƙoƙin azurfa. Wasu na ce mini sana'ar da ba a gada ba babu albarka a cikinta. Sannan mata kan kawo tsohuwar azurfarsu in ba su sabuwa cikin wadda na ƙera, su cika mini kuɗin aikina. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, maganar gado ka ajiye ta gefe, ba ta da tushe a Shari'a. Annabi Dawud (AS) da aikin hannunsa yake ci. Allah Ya yi wa hannunka albarka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne faɗarka "cikin wadda na ƙera". Da azurfar matar ce kake narkawa ka mayar mata da abinta, to kai ɗan ƙwadago ne, ladan aikinka halal ne. Amma ka karɓi tata ka ba ta taka, wannan ciniki ne na azurfa da azurfa, sharaɗinsa nauyi ya zo daidai, hannu da hannu. Cikon nan riba ce wadda aka haramta, ko da an kira shi kuɗin aiki.

Na san za a ce maka Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun halatta, bisa cewa ƙira ta fitar da kayan ado daga hukuncin kuɗi, sun zama haja kamar tufafi, kuma babu maƙerin da zai bayar da wahalarsa kyauta. Manyan malamai ne, amma a nan hujja ba ta tare da su. Sarƙar da Fadala bin Ubaid ya saya dinari 12 a Haibar ai ƙerarriya ce, da zinare da duwatsu. Ya ware ta ya tarar zinarenta ya fi dinari 12, Annabi (SAW) ya hana sayar da irinta sai an ware. Da ƙira tana canja hukunci, a nan za a faɗa. Kuma a Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imamu Malik, wani maƙeri ya kawo wa Abdullahi bin Umar tambayarka sak, cewa yana ƙarin gwargwadon aikin hannunsa ne kawai. Ya hana shi. Maƙerin ya yi ta binsa yana maimaitawa, bai sassauta masa ba. Batun asarar wahala kuwa da mafita: ka sayi tsohuwar da kuɗi, ta riƙe su a hannunta, sannan in ta so ta sayi sabuwar a farashin da ka sa, ba tare da ka sharɗanta mata ba. Haramcin cikon nan shi ne fahimtar mazhabobi huɗu.

Ba ka tambaya ba, amma kada ka sayar da azurfa ko zinare bashi, ko biya kaɗan-kaɗan. In ta banki ne, kuɗin su shigo kafin ku rabu.

Sannan tun da ba ka zauna gaban maigida ba, ka sani a mazhabar Malik mai sana'a yana lamunin kayan da ya ɓata ko ya salwantar a wurinsa. Kada ka koyi sabon salo a kan sarƙar auren wata. Ka ɗora a sikeli a gabanta, ka rubuta giram nawa ne, ka gaya mata narkawa da goga suna rage nauyi. Garin da ke zuba ƙarƙashin magogi ma nata ne, sai in ta yafe. Abin da ka yi wa ruwan zinare ka faɗa da bakinka tun kafin a tambaya, kuma kada ka ƙera wa namiji zoben zinare don ya sa.

Ka nemi wani dattijon maƙeri ka riƙa kai masa aikinka yana dubawa, ko sau ɗaya a mako. Wallahu a'alam.